Ko Ka San Rijiyar Mai Takan Ƙafe Alhali Man Bai Ƙare Ba?

Jama'a da yawa suna zaton man fetur tafki ne kwance a ƙarƙashin ƙasa, alhali kuwa masana ilmin ma'adinai sun tabbatar cewa maƙale yake cikin 'yan ƙananan kafofin dutse. Idan aka haƙa rijiya, ƙarfin da Allah Ya ajiye cikin dutsen shi ke tunkuɗo man, in ya raunana a kafa famfon nan mai sunkuyawa da ɗagowa dare da rana, amma duk da haka abin da ke fitowa galibi kimanin ushuri ne kawai. Daga nan sai a riƙa ɗura ruwa ta rijiyoyin gefe domin ya koro saura, har a kai wajen sulusi, a bar sulusi biyu a binne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu mazarƙwaila a Maƙarfi ko Kudan ko Ikara, ya tauna karan raken da injin ya riga ya matse, ya san da sauran zaƙi a ciki, shi ya sa manyan masana'antun sukari suke yayyafa masa ruwa su sake matsewa. Irin wannan hikima injiniyoyi suka bi. Inda man ya yi kauri, kamar filin Duri na Indunusiya, tukunyoyin ƙarfe ke dafa ruwa, a tura tururin ƙasa ya tsinka shi. A gundumar Scurry ta jihar Texas a Amurka kuwa, tun 1972 injuna ke danna iskar kabon cikin dutse, ta gauraya da man, ya kumbura, ya saki inda ya kama. Mutanen Sin a filin Daqing sinadari mai yauƙi suke zubawa cikin ruwan, don kada ya zurare ta hanya ɗaya ya bar man a baya. Da waɗannan dabaru akan tsamo rabi, wani lokaci har fiye.

Sai dai aikin yana cin dukiya, ba a shiga shi sai farashin ganga ya biya wahala. Saboda haka rijiyoyin Agadem da ke ciyar da matatar Damagaram tun 2011, da na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, tsawon ransu ya rataya ne ga ilmin masu kula da su da halin kasuwa, kamar yadda ya rataya ga yawan abin da ke ƙasa.