Shekarun Dabba Suna Rubuce a Ƙashinta

Idan Babbar Sallah ta gabato, duk wanda ya bi ta Karshi zai ga raguna a ɗaure gefen hanya. Ka tsaya ka lura da mai saye da ya san abin da yake yi. Kafin a yi maganar kuɗi, sai ya riƙe muƙamuƙin ragon da hannun hagu, ya danne leɓen ƙasa da babban yatsa, ya leƙa. Na taɓa jin wani dillali yana ce wa mai saye, "Alhaji, duba da kanka, ya yi famfara." Daga nan aka shiga ciniki.

Abin da ake dubawa a fili yake. Tunkiya tana da haƙoran gaba takwas a muƙamuƙin ƙasa, na sama kuwa dasashi ne mai tauri kawai. Tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, ƙananan biyu na tsakiya sukan faɗi, manya su fito. Daga nan bibbiyu suke sauyawa, har baki ya cika wajen shekara huɗu. Girman jiki yana ruɗi, domin dusa da harawa kan cika ɗan rago har ya yi kama da babba. Haƙori kuwa ba a yi masa kiwo.

Wannan dabarar ce masana kimiyya suka kai bakin teku. Akwai wata dabba mai shayarwa da Turawa ke kira sil, wadda ke farautar kifi a ruwa, ta fito tudu ta haihu. Ba ta da makiyayi, balle a tambaye shi ranar haihuwarta. Da farko masana sun dogara da awo: tsawon ƙoƙon kai, faɗinsa, tsawon muƙamuƙi, da yadda mahaɗan ƙashin kai ke rufewa, kamar yadda maɗigar jariri ke rufewa idan ya tasa. Awon yana raba ƙarama da babba, amma da zarar girma ya tsaya, ƙoƙon kan mai shekara goma da na mai ashirin kusan ɗaya ne.

A 1950 wani Ba'amurke, Victor Scheffer, ya nuna cewa fiƙar sil na tsibiran Pribilof da ke Alaska tana ƙara zobe duk shekara. A 1952 Richard Laws na Ingila ya wallafa makamancin haka kan wani nau'i na tekun kudu, wanda namijinsa ke haura tan uku. Ana yanka haƙorin, a goge shi, a sa a madubin ƙara girma, sai ga layuka fari da duhu kamar zoben kututturen itace. Lokacin da dabbar ta daina ci saboda haihuwa ko sauya gashi yana barin alamarsa a ciki. Da aka haɗa wannan ƙirge da awon ƙashi, sai aka san shekarar da mace ke fara haihuwa da lokacin da namiji ke gama girma. A tsibirin South Georgia, inda a da ake kashe su don mai, an riƙa tara haƙora daga waɗanda aka kashe, domin idan shekarunsu na raguwa, alama ce an fara cinye garken.

Kada a ɗauka abin ya yi mana nisa. A gaɓar Ras Nuwadibu, kusa da Muritaniya, akwai garken sil da ke cikin mafi ƙarancin irinsu a duniya, kuma a 1997 kusan kashi biyu cikin uku nasu suka mutu cikin 'yan watanni.

Mu kuma muna da ayu a kogin Binuwai da Neja. Shi haƙoransa ba sa ƙirguwa, domin turamensa suna zubewa ta gaba, sababbi na turowa ta baya har ƙarshen rayuwarsa. A Amurka sai masana suka koma kan ƙashin kunnen ɗan'uwansa na Fulorida, suka sami layukan shekara a can. Abin da ke damuna shi ne, ayu yakan faɗa komar masunta a nan, a raba nama, a sayar da mai da sassan jiki ga masu magani, ƙoƙon kai kuma a yar da shi. Da shi ake yar da amsar tambayar da ta fi muhimmanci: manya ne ke mutuwa, ko ƙananan da ba su taɓa haihuwa ba?

Jami'ar Abuja da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da tsangayar likitancin dabbobi. Ina roƙon malamansu su ƙulla zumunci da sarakunan ruwa, ta yadda duk ayun da aka tsinta a mace za a adana kansa, a rubuta rana da wurin da aka same shi.