Zanen Katako na Japan da Bikin Kogi

A ƙarni na 19, mutanen birnin Edo, wanda ake kira Tokyo a yau, sukan yi biki a Kogin Sumida idan lokacin zafi ya kama. Jama'a kan cika kwale-kwale da Gadar Ryogoku domin kallon wasan wuta, al'adar da ake danganta farkonta da shekarar 1733. Yawancin abin da ido zai iya gani a yau na kamannin bikin a wancan zamani, zanen da aka buga da katako ne ya adana shi.

Cikin mazanan da suka shahara a wannan fanni akwai Hokusai (1760-1849) da Hiroshige (1797-1858). Shi Hiroshige ya fara jerin zanen wurare ɗari na Edo a 1856, kuma a cikinsu akwai na wasan wutar Ryogoku, inda duhun dare ya cinye fiye da rabin takardar, gada da kwale-kwale suka koma ƙasa-ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, aikin na mutum huɗu ne. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kan allon katako ya sassaƙe duk abin da ba layi ba, mai bugu ya shafa launi ya danna takarda da hannu, sannan mai jari ya sayar. Kowane launi da nasa allon. Saboda ana iya buga ɗaruruwa daga allo guda, sai farashi ya sauko har talaka ma ya mallaka.

Irin wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Samaru. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ne Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar mazana ta Zariya a 1958, ya karanci zane, har daga baya ya yi fice a buga zane.

Ƙasar Hausa kuwa tana da nata bikin kogi, wato kamun kifi na Argungu a Matan Fada, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934. Darasin Edo shi ne, bikin da aka zana aka yaɗa shi hannun jama'a yakan wanzu ko bayan birnin ya sake kama. Wannan aiki yana jiran ɗaliban zane na Samaru.