Ba ragwanci ba ne, haka Allah ya yi su

Ƴan uwa ƴan kasuwa, a cikinmu akwai waɗanda hayaniya ke gajiyar da su fiye da kowa. Ƙarar kabu-kabu, turmutsutsun ranar kasuwa, ko baƙar magana guda daga mai saye, sai abin ya kwana a ransu. Mukan ce musu raggaye, wani sa'in ma mu ce iska ce.

A 1996 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Elaine Aron, ta wallafa littafi a kansu. Ta ƙiyasta sun kai 15 zuwa 20 cikin 100, ta ce hali ne, ba ciwo ba. Su ne masu saurin lura da abin da ya kuɓuce wa saura.

Wasunsu zane ke kwantar musu da hankali. A intanet akwai gasar Art Fight kowane watan Yuli: ka zana wa wani tauraron labarin da ya ƙago, shi ma ya zana naka. Babu kuɗi, ba ni gishiri in ba ka manda.

Don haka ɗiyarki mai ɓuya bayan rumfa in kasuwa ta cika, kada ki doke ta. Ba ta jeran kaya da lissafi da sassafe, in rana ta take ki bar ta ta huta.