Abin Kallon da Ke Bakin Ƙofa: Fasahar Birnin Kano da Mutanen Cikinsa

Yana daga cikin ɗabi'un ɗan Adam, tun fil azal, abin da ya buɗe ido ya tarar a ƙofar gidansu ba ya cika ganin girmansa, sai fa ranar da wani baƙo ya taso daga uwa duniya, ya sha wahalar hanya, ya zo ya tsaya a kansa yana ta'ajibi. Sa'an nan ne mai gida zai waiwaya ya ce ashe dai abin nan abin kallo ne. Wannan hali kuwa ya bayyana ƙwarai a birnin Kano, inda za ka sami mutum an haife shi a Yakasai ko Zage ko Fagge, ya yi karatun allo da na boko, ya yi aure har ya aurar, kullum yana bi ta Ƙofar Mata a kan hanyarsa ta zuwa kasuwa ko asibiti, amma bai taɓa ratsewa ya leƙa marinar da ke gefen titi ba, alhali mutanen Turai da na Amurka suna biyan kuɗin jirgi su zo su tsuguna a bakin karofinta.

Mutane da yawa sun ɗauka al'ada da fasaha kaya ne na gidan tarihi, ko kuwa na ranar Sallah da ranar da aka yi babban baƙo, a fito da su a kakkaɓe, in an watse a mayar. Ni kuwa a ganina fasahar gari tana zaune ne a hannun masu sana'a, da bakin mawaƙa, da bangon gidaje, da wasan yara a lungu, kuma ma'abota garin su ne suka fi kowa cancantar su more ta, ba a ranar buki kaɗai ba, a ranakun Allah na yau da kullum, tsakanin fita aiki da komowa gida. Ba ta neman dukiya mai yawa daga gare su. Abin da take nema shi ne mutum ya rage sauri, ya yi sallama, ya zauna.

A fara da marinar nan ta Ƙofar Mata, wadda masu riƙe da ita suke kai asalinta ga shekarar 1498, watau ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sarkin da Shehu Magili ya rubuta wa nasiha game da sha'anin mulki. Wanda ya shiga da hantsi zai tarar da ramuka a jere, kowanne zurfinsa ya fi tsayin mutum, an rufe waɗansu da murfin saƙa, waɗansu kuma a buɗe, kumfa mai launin shuɗi tana yawo a kan ruwansu. Cikin ruwan nan an zuba baba, da toka, da katsi, watau dasƙararren abin da ya kwanta a gindin tsohon karofi, wanda ake kwashewa a ƙona a sake amfani da shi. Sa'an nan a bar haɗin kwanaki yana tsima, ana motsa shi da doguwar sanda, har marini ya duba kumfarsa, ya shaƙi warinsa, ya tabbata ya nuna. Babu ma'aunin da yake dubawa in ban da idonsa da hancinsa da abin da ya gada.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wurin, kuma ina roƙon duk wanda ya je ya tsaya ya lura da shi, shi ne lokacin da marini ya ɗago zane daga cikin ruwa. Zanen ba ya fitowa da shuɗi. Yana fitowa ne da wani launi mai ratsin kore, sai iska ta buge shi, a gaban idonka ya riƙa juyewa yana duhu. Marini ya matse, ya mayar, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi bisa gwargwadon duhun da mai kaya yake so, hannuwansa kuwa sun rine har wuyan hannu, rinin da sabulu ba ya fitarwa. Shi kuwa adon da ke jikin zanen, waɗannan zagaye-zagaye da ɗige-ɗige farare, galibi aikin mata ne a cikin gidaje, su ne suke ƙulle yadin da zare ƙulli bayan ƙulli kafin a kawo shi marina, ta yadda duk inda zare ya kama, baba ba zai shiga ba. Daga nan sai mabuga, inda samari suke shimfiɗa zanen a kan gungumen itace suna dukansa da manyan sanduna, hannu yana bin hannu cikin tsari, har ya yi laushi ya ɗauki ƙyalli. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya ba da labarin yadda rinannun tufafin ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Kuma har yau Abzinawa suna darajanta turkuɗin Kura. To, sana'ar da ta kai sunan gari bayan Sahara ai bai kamata 'ya'yan garin su jahilce ta ba, balle yanzu da karofi da yawa suka bushe, saboda yadin kanti mai araha ya cika kasuwa.

Daga Ƙofar Mata, wanda ya nufi cikin gari zai faɗa Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa take ci. Lungunanta ƙunci gare su, kuma wanda ya shiga da gaggawa ba zai ga kome ba sai turereniya. Amma wanda ya shiga da natsuwa zai iske dukawa suna yanka jar fata suna ɗinka jaka da kube da takalmi, da masu kayan doki sun rataye sirdi da linzami da likkafa, da masu faifai da ƙwarya sassaƙaƙƙiya, da masu ɗinkin hula sun duƙufa a kan allura. A can kuma ga 'yan littattafai, inda Ahalari da Iziyya da Risala da Ishiriniya suke jere tare da waƙoƙin wa'azi na ajami. A nan ne mutum zai ga allon zayyana, wanda ake yi wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, an ƙawata shi da tawada ja da rawaya da kore, an tsara gidaje-gidaje da layuka masu shiga juna ba tare da wani ya kauce ba. Sau da yawa nakan yi tunanin cewa mai yin zayyana, da alƙalaminsa na kara da 'yar kwalbar tawadarsa, malamin lissafi ne wanda bai taɓa shiga ajin lissafi ba, kuma abin takaici ne a ce ana rataye hotunan ƙasashen da ba a taɓa zuwa ba a ɗakunan baƙi, a bar wannan.

Gine-gine kuwa ba sai an je neman su ba, ɗaga kai kawai suke bukata. A tsofaffin unguwanni har yanzu akwai sauran soraye na tubali da azara, masu zankwaye a bisa kusurwa, da dagi a goshin ƙofa, da rufin bakan gizo a cikin zaure, wanda yake riƙe sanyi a tsakiyar bazara ba tare da wutar lantarki ba. Mai son ya ga gwanintar maginan da a wuri guda, sai ya shiga Gidan Makama daura da fadar Sarki, ko Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ita kuwa badala, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma gininta a ƙarni na 12, zancenta yana sosa rai, domin a wurare da yawa ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye ta.

Rabon kunne ma bai gaza na ido ba. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, kakaki da tambari na sarki, kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida ranar buki. Wanda ya saba da waɗannan, daga nesa zai ji sauti ya san ko wane ne ke tafe, ko mene ne ake yi. A watan Maulidi kuma gari yakan cika da bege da karatun Ishiriniya, ranar Takutaha jama'a su yi ɗango su hau Dutsen Dala, 'yan Ƙadiriyya kuma a watan da ke biye su fito Maukibi da bandiri da tutoci. Amma a cikin dukan abin da shekara take kawowa, babu wanda nake jin tsoron ɓacewarsa kamar tashe. In azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa, yara sukan bi gida-gida, wannan ya liƙa gemun auduga ya tanƙware ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su ɗauko ƙwarya su kifa a ruwa suna kaɗawa, Nalako kuma ya fita farautar gwagware. Wasa ne, amma wasa mai ɗauke da hikima, domin a cikinsa yaro yake koyon tsayuwa gaban jama'a, da sarrafa harshe, da yi wa manya hannunka mai sanda cikin raha ba tare da ya fita daga ladabi ba. Maigidan da ya ji 'yan tashe a zaure ya sa aka kore su don yana kallon talabijin, ya hana kansa abin da ya fi wanda yake kallo, ya kuma karya wa yaran gwiwa.

Ba zan tsawaita a kan hawan Sallah ba, domin shi kaɗai ne ba ya rasa 'yan kallo. Kowa ya san Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai cikin ja da kore, da mahaya suna sakin dawaki a guje su ja linzami gaban Sarki su yi jinjina. Kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin lura kawai shi ne, duk adon da ke jikin doki da mahayinsa a wannan rana ya fito ne daga hannun badukun nan da marinin nan da maɗinkin nan da ake wucewa sauran kwanakin shekara ba a ko gaishe su. In suka tashi daga sana'a, hawan zai koma da kayan aro.

Kada kuma mai karatu ya zaci tsohon abu kaɗai nake kira al'ada. Littattafan hikaya da suka cika kasuwar Kano tun wajen 1980 da 'yan kai, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, sun sa dubban matan aure karatun Hausa a cikin ɗakunansu. Finafinan Hausa, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya a 1990, su ma 'ya'yan garin nan ne. A cikinsu akwai tsaba akwai tsakuwa, kuma gyaransu yana hannun mai karatu da mai kallon da ya san abin da ya dace ya yaba da abin da ya dace ya ƙi.

Na san akwai bayin Allah masu tsantseni da za su ce wannan duk lagawu ne da ɓata lokaci, kuma ban raina maganarsu ba, domin lalle akwai wuraren wasa da mutumin kirki ba zai kai ƙafarsa ba, akwai kuma waƙar da ba ta dace da kunnen mumini ba. Sai dai tsayuwa a kan mai sana'a yana neman halalinsa, da yin tafakkuri a kan basirar da Ubangiji ya kimsa wa bawansa har ya fitar da shuɗi daga ganye, ban ga ta inda zai zama abin zargi ba. Malamanmu na da su ne suka ƙawata Alƙur'ani da zayyana, su ne kuma suka zuba fiƙihu da tauhidi cikin waƙa domin su zauna a zukatan jama'a.

Sharaɗi guda ne nake ganin ya wajaba a kan mai kallo, watau ya ba mai sana'a haƙƙinsa. Wanda ya je marina ya yi sallama, ya ce, “Sannu da aiki, Baba,” ya nemi izini kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, domin mutanen nan ba kayan nuni ba ne, magidanta ne a bakin aikinsu. In ya yi tambaya aka ba shi amsa, ya saurara har a gama. In kuma Allah ya hore masa, ya sayi ko da ɗan ƙyalle ne, kada ya tsaya yana taya aikin mako guda da kuɗin da ba zai sayi kwanon shinkafa ba, alhali in ya shiga kanti ba ya neman ragi. Mai shirin aurar da 'ya ya sa zane ɗaya na rini cikin kayanta. Mai ɗa da ya sauke ya sa a yi masa allon zayyana. Da irin wannan ciniki ne ɗan marini zai ga dalilin da zai zauna ya koyi aikin ubansa maimakon ya tafi tuƙin A Daidaita Sahu.

Ga iyaye da malaman makaranta kuwa, akwai tafiyar da za a yi da ƙafa a safiyar Asabar guda: a taru a Ƙofar Mata tun rana ba ta yi zafi ba, lokacin da marina suke buɗe karofi, a wuce Gidan Makama, a tsaya a filin Ƙofar Kudu a nuna wa yara inda ake hawa, a ratsa Kurmi ta layin dukawa, sa'an nan a ƙarasa Dala a hau matakalar, yaran su nemo da kansu hasumiyoyin Masallacin Juma'a da Gwauron Dutse da unguwar da suka fito. A riƙe musu ruwan sha, kuma a ba kowane yaro 'yan kuɗi kaɗan a hannunsa, ya zaɓi abin da zai saya a Kurmi, ya yi cinikinsa da bakinsa.