Ciwon Mara Mai Tsanani: Aure Ba Magani Ba Ne

"Ki yi haƙuri, in kin yi aure zai bari." Haka ake rarrashin yarinyar da ciwon mara ke kwantar da ita duk wata, tana murƙususu a kan tabarma da robar ruwan zafi a ciki. Wani lokaci ciwon nan endometiriyosis ne: wata tsoka mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ce ke tsirowa a wajen mahaifar, a kan ƙwan mace ko bututun ƙwai, tana kumbura duk lokacin al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa na ɗauke da ita, wato kimanin miliyan 190.

Aure ba ya warkar da wannan cuta. Wasu ma sai bayan aure suke gane tsananinta, saboda zafin da suke ji wajen saduwa. Juna biyu kan lafar da ciwon domin al'ada ta tsaya, amma sau da yawa yakan dawo bayan haihuwa. Kuma ba ciwon sanyi ba ne, don haka jerin maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis asarar kuɗi ne kawai.

Gaskiya ne har yau babu maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya, amma akwai na sauƙaƙa ta. Ana farawa da maganin zafi irin su ibuprofen, sai dai mai gyambon ciki ta fara tambayar likita. Sai magungunan tazarar haihuwa: ƙwaya, allura, ko robar mahaifa mai sinadari irin Mirena. A nan ne tsoro ya fi yawa, wai suna hana haihuwa har abada. Ba haka ba ne. Suna rage al'ada ne, tsiron ya lafa, in an daina sai haihuwa ta dawo, ko da yake ta allura takan ɗan jinkirta. Abin takaici ne a hana budurwa waɗannan magunguna, a bar ta cikin azaba don gudun surutun mutane.

Tiyata ta ƙananan ɓuli a ciki tana cire tsiron, tana kuma taimaka wa wasu masu neman haihuwa, amma yana iya dawowa. Ko cire mahaifa ba tabbacin warkewa ba ne, tunda cutar a wajenta take. Cutar kan jinkirta haihuwa, amma da yawa suna haihuwa lafiya.

Iyaye mata, in ciwon mara ya hana 'yarku zuwa makaranta ko aiki, ku kai ta wurin likitan mata.