Daga Kashin Kare Zuwa Ƙodar Mutum: Mu San Wannan Tsila

A fagen kiwon lafiya na wannan mako za mu yi bayani a kan wata tsila wadda ba ta zama a hanjin mutum, sai dai ta yi ƙullutu mai ruwa a hanta, ko huhu, ko ƙoda.

Daga ina take zuwa?

Gidanta hanjin kare ne. 'Yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Ƙwayayenta suna fita cikin kashin kare, su manne a ciyawa da ƙasa da gashin jikinsa. Idan tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi suka ci ciyawar, sai ƙullutun ya fito musu a hanta ko huhu. Ranar da aka yanka dabbar, in aka jefa wa kare wurin da ya lalace, tsilar ta koma gida ke nan.

Mu mutane ba ta cin nama muke ɗaukarta ba. Ƙwan ne ke shiga bakinmu ta hannu mai datti, ko ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 1 ne ke ɗauke da irin wannan cuta.

Idan ta kama ƙoda

Cikin masu cutar 100, kusan 70 a hanta take kama su. Masu ta ƙoda ba su wuce 2 zuwa 4 ba, shi ya sa ake saurin ɗaukarta wani ciwon daban. Ƙullutun yana girma a hankali, yana iya yin shekaru mutum bai ji komai ba. Wanda ya ɗauka a shekarunmu, mai yiwuwa sai ya girma zai fara jin ciwon kwiɓi, ko kumburi, ko ya ga jini a fitsari. Wasu kuma sukan fitsar da wani abu kamar ɓawon inabi.

Yadda ake ganewa da magani

Likita yakan fara da hoton ciki, wato sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Daga nan sai gwajin jini da babban hoto na CT. A nan Kaduna, mai irin waɗannan alamu ya nufi babban asibiti kamar Barau Dikko, kada ya tsaya a kemis.

Ana ba da ƙwayar albendazol na tsawon makonni ko watanni. Idan ƙullutun babba ne sai a yi tiyata a cire shi, a bar ƙodar. Amma in ya riga ya cinye ta, dole a cire ta gaba ɗaya, mutum ya rayu da guda. Likitoci suna kaffa-kaffa kada ya fashe, domin ruwan cikinsa yana iya sumar da mutum nan take, kuma ya haifar da sababbin ƙullutai.

Abin da za mu iya yi

A kwatar Tudun Wada akwai ma'aikata masu duba nama, amma ran Babbar Sallah a gidajenmu na Kawo da Malali da Unguwar Rimi mu ne masu dubawa, tunda mu ake ba wankin kayan ciki. Saboda haka:

1. In mun ga ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhun rago, mu nuna wa manya a ƙone shi ko a binne da zurfi. Kada a jefa a bola.
2. Mu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan taɓa kare.
3. Mu wanke latas da kabeji da karas sosai.
4. Masu kare su riƙa kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsa.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.

Daga wakilinku na aji 2, ƙaramar sakandare