Keke Ba Birki a Hanyar Tafkin Madarunfa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Madarunfa, musamman a ranakun hutu, ko a kwanakin Mauludi da jama'a ke tururuwa zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafki, ba zai rasa cin karo da ayarin samari bisa kekuna ba, wani da gorar ruwa ɗaure a kariya, wani da aboki a goye, kowa na danna feda yana yi wa ɗan'uwansa tsiya. Ni ban ga aibin wannan yawo ba, hasali ma ina ɗaukarsa alheri, domin tafiya ce ta kilomita 20 da 'yan kai wadda ba ta cin kuɗin mai, tana ƙara wa jiki lafiya, kuma tana nuna wa yaro ƙasar iyayensa fiye da yadda littafin makaranta zai nuna masa. Mai keke yana ganin lambunan zogale na Jiratawa da idonsa, yana ganin yadda tudun jigawa ke sauka sannu a hankali har ya miƙa wuya ga fadama, yana kuma isa bakin tafkin da masunta ke jefa taru, tsuntsayen ruwa na shawagi a kansu, wurin da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006, tare da gandun dajinsa da kaburburan nan, don a yi la'akari da shi cikin kayan gadon duniya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikin waɗannan ayari, wato hawan keken da ba shi da birki ko kaɗan, ko wanda birkinsa ya mutu tuntuni aka bar hannunsa yana reto don ado. Na ga sakamakon wannan ganganci da la'asar ɗin wata rana, a wata gangara da ke sauka zuwa fadama. Yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya goyo ƙanensa, ya saki keke a guje, sai ga amalanken shanu ya fito daga hanyar gona da lodin kara ya tare rabin hanya. Da yake ba shi da abin matsawa, sai ya yi abin da suka koya wa juna, ya miƙa ƙafa ya danna silifas a kan tayar gaba. Silifas ya shige tsakanin taya da ƙarfe, ƙafar keke ta cije nan take, su biyun suka tashi sama. Babban ya samu targaɗe da ƙujewa, ƙaramin kuwa haɓarsa ta tsage, haƙoransa biyu suka zube a kan tsakuwa, kuma sai da wani mai babur ya ajiye fasinjansa kafin a samu abin kai shi asibiti. Da na ɗaga keken, wayar birkin baya a tsinke take, ta yi tsatsa, an nannaɗe ta a jikin ƙarfe, alamar ta daɗe a haka kuma mutanen gidan duka sun sani.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ɓata mini rai. Yaro ba shi da cikakken hankali, shari'a ma ba ta ɗora masa abin da ta ɗora wa baligi ba. Amma uban da ya ga keken nan jingine a zaure safe da yamma, ya san ba ya tsayawa sai an ja ƙafa a ƙasa, sa'an nan ya ce "a dawo lafiya", wace hujja zai kawo? Robar birki da waya ba su kai kuɗin abin da magidanci ke kashewa a shayi da goro cikin 'yan kwanaki ba, alhali ɗinkin haɓa da maganin da zai biyo baya sun ninka su sau da yawa, ban da haƙorin da ba zai sake tsirowa ba.

In ka yi magana, amsa biyu za ka ji. Ta farko, a ce ai ƙasarmu shimfiɗe take, birki na masu duwatsu ne. Gaskiya ne ba mu da irin tsaunukan Alp na Turai, inda masu tseren zagayen Faransa, gasar da aka fara tun 1903, suke hawa mashigin Galibiye mai tsawon mita 2,642 sama da teku, sa'an nan su gangaro cikin kwari da gudun da ya yi daidai da na mota. To, amma a can ɗin ma, da birki na ƙwarai da hular kwano da likitoci na biye a mota, gangara ba ta bar su ba: a watan Yuni na 2023 ƙwararren ɗan tseren nan Gino Mäder ya faɗi a gangarar Albula lokacin gasar zagayen Suwizalan, ya rasu washegari yana da shekara 26. Idan wanda sana'arsa ke nan, da cikakken shiri, bai tsira ba, ina ga wanda ya dogara da tafin silifas? Kuma ba tsawon dutse ne ke karya mutum ba, gudu ne da rashin abin tsayawa. Masana sun tabbatar cewa idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da ake bukata kafin a tsaya takan ninka sau huɗu, in kuwa da goyo ko buhu a kariya sai ta ƙara tsawo. Gangarar da ke tsakanin jigawa da gulbi ta isa ta ba keke wannan gudu, kuma a ƙarshenta ne ake samun rairayi, da dabbobi masu zuwa shan ruwa, da yara masu ƙetare hanya.

Amsa ta biyu ta fi ta farko muni, domin ana yi mata rigar addini: a ce abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara, amma malamanmu tun na dauri sun karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma rai da gaɓoɓi amana ce da za a tambayi bawa a kanta. Wanda ya bar birki a tsinke da gangan, ya fita kan hanyar da Musulmi ke bi, ya buge tsohuwa mai tallan nono, ba zai kira wannan ƙaddara ya wanke hannunsa ba. Sakaci ne, kuma akwai haƙƙi a wuyansa.

Saboda haka, kafin a fita, a tsaya a ƙofar gida a matsa birkin gaba a tura keke; in keken ya motsa, birkin bai yi ba. A yi haka ga na baya. A sunkuya a dubi robar: in ta cinye har ƙarfenta ya fara taɓa bakin ƙafar keke, ko ta karkace tana gogar taya, a kai wa mai gyara tun kafin tafiya. A dubi wayar, ko sililinta sun fara warwarewa a wurin ƙusa, domin daga nan take tsinkewa, kuma ba ta tsinkewa sai lokacin da aka matsa ta da ƙarfi, wato lokacin da aka fi bukatarta. A gangara a riƙa matsa duka biyun sannu-sannu tun daga sama, mutum ya ja zamansa baya a kan sirdi; wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai a cikin gudu zai wuntsila ta kan keke. A cikin rairayi kada a yi birki da ƙarfi, a rage gudu tun kafin a shiga. Wanda kuma ya ratsa ruwa ya sani cewa jiƙaƙƙiyar roba ba ta kamawa, sai ya yi ta matsa ta kaɗan-kaɗan a fili har ta bushe.

Sauran abubuwan kowa ya san su, sai dai a tuna. Tsidau da ƙayar aduwa ba su ƙyale taya, don haka famfo da kayan faci su kasance tare da ayari. A ɗauki ruwan sha wadatacce, a fita da sanyin safiya, a juyo kafin magariba, domin keken da ba fitila a kan titin da manyan motoci ke bi zuwa Ɗan Isa da Jibiya ba ya ganuwa sai an zo kansa. Kada a kutsa wajen Gabi da dajin Baban Rafi ba tare da an tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki ba, tun da ɓarayin daji sun addabi wannan yanki na kan iyaka. Da damina kuwa a ji tsoron gulbi: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya kafin ya shigo mana, saboda haka yana iya kawowa alhali nan ko hadari babu. Ruwan nan ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka mai da gari kan tudu, balle yaro da keke a kafaɗa.

Ga masu gyara da masu ba da haya ina da magana ta musamman, domin ta hannunsu kowane keke ke bi. Idan yaro ya kawo faci, ka ga birkinsa a mace, ba daidai ba ne ka karɓi kuɗin facinka ka yi shiru. Ka gaya masa, in ya ce ba shi da kuɗi ka aika wa ubansa. Mai haya kuwa da ya miƙa wa ɗan mutane keken da shi kansa ba zai yarda ɗansa ya hau ba, ya kamata masu unguwa su kira shi su ja masa kunne, in ya ƙi ji a hana shi kafa kekunansa a bakin tasha har sai ya gyara su.